Sunan da Mairamu Ta Kasa Faɗa

Akwai wata mata a Rumde Ajiya, nan Garwa, ana ce mata Mairamu. Wallahi da na ji labarinta sai da gabana ya faɗi, don kowace uwa a cikinmu abin zai iya samunta.

Gidauniyoyi biyu ne suka haɗa kai don taimaka wa makarantar gwamnati ta unguwar. Ɗaya na raba littattafai, ɗaya na yi wa yara takardar haihuwa, wato akt. Kun dai sani, yaron da ba shi da akt ba ya zama jarrabawar CEP ta gama firamare.

Da masu akt suka bi gida-gida, suka tambayi Mairamu sunan 'yarta. 'Yar fari ce, bakinta bai taɓa kama sunan ba. Sai ta ba su na gida: Yelwa.

Da gidauniyoyin suka haɗa sunaye, babu wata Yelwa a rajistar makaranta. Aka ture takardarta gefe. Mairamu ba ta ji ba sai ranar rufe rajistar akt, Asabar, babu ɗalibi ko ɗaya a makarantar.

Da ta je, ta tarar da Gaston, ma'aikacin masu akt, yana ta duba agogo.

"Madam, sunanta na gaskiya?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, na babanta?"

"Maigidan ya tafi Figil sayen shanu. Ko a jira shi?"

"A jira? Uwa ba ta san sunan 'yarta ba, ba ta san na mijinta ba! Anya ke kika haife ta? Na gaba!"

Sai ga Léontine, ta gidauniyar littattafai, ta taso daga teburinta.

"Gaston, kai baƙo ne a nan. Ta sani sarai, kunya ce. 'Yar fari ce ko, Yaya?"

Mairamu ta gyaɗa kai.

Léontine ta buɗe rajistar ajin. "Zan karanta. Kada ki ce komai. In na zo kanta, ki taɓa hannuna."

Fauziya Muktar. Mardiya Bilya. Aka wuce talatin, aka doshi ƙarshen shafi. Mairamu ta ce a ranta: in fa sunan ma babu?

"Adawiyya Hamidu."

Ba taɓawa ta yi ba, damƙe hannun ta yi da hannu biyu.

Gaston ya gyara takardar da kansa, ya ce, "Yi haƙuri, Mama. Ban sani ba." Adawiyya ta zauna jarrabawarta.

Darasi: Mai taimako, kafin ka yi wa mutum tsawa, tambayi dalilin shirunsa. Mu kuma iyaye mata, in kunya ta hana mu faɗa, mu sa a rubuta mana sunan yanka a takarda mu riƙe. Don Allah ku tura wa sauran iyaye tun ba a rufe rajistar bana ba.