Tunkiya da Tulun Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara Zaki ya sa tsere daga gindin kuka zuwa kogi a dawo. Ya ce wanda ya zo ƙarshe shi zai riƙa ɗebo wa gari ruwa har damina. Tunkiya kuwa ba ta taɓa gudu ba sai in kare ya biyo ta. Sai ta tafi wajen Dila.

"Malam, koya mini gudu."

Dila ya leƙa randarsa, ba ko ɗigo. Ya ce, "Ga tulu. Kullum da safe ki ruga kogi ki ciko shi. Horo ne."

Ran farko da rarrafe ta dawo. "Malam, ƙafafuna sun mutu."

"Haka ake so. Gobe sawu biyu."

Wata uku Tunkiya na jigila, Dila na kwance a inuwa yana ajiye tumbi.

Ran tsere, Tunkiya ta kama hanyar da ta sani sarai, yau kuma ba tulu a ka, sai ta ji ta sakayau. A dawowa ta tarar da Dila zaune, harshe waje.

"'Yar albarka, goya ni mana!"

"Malam, wannan ba ka koya mini ba."

Ta iso ana ta guɗa. Sai la'asar Dila ya jawo jiki, na ƙarshe. Tunkiya ta durƙusa da ladabi, ta miƙa masa tulunsa.

"Ga shi, Malam. Sawu biyu kullum. Horo ne."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na sauke ta.