Igiyar Iya Tasalla

Ku matso, yau akwai shari'a.

A wani ƙauye kusa da Ringim akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla, mace mai taurin kai da son yin abinta da kanta. Da idanunta suka mutu, wata safiya ta nufi banɗaki ita kaɗai, ta yi tuntuɓe da turmi, ta fasa goshi. Ɗanta Sallau ya zo daga Kaduna a fusace.

"Inna, haɗa kayanki. In na dawo bayan girbi, tare za mu tafi."

"Ba inda za ni," in ji ta. "A gidan nan aka kawo ni, a nan za a ɗauki gawata."

Baki ne kawai. A ranta tsoro ya cika ta, don ta san wannan karon Sallau ba wasa yake ba. Jikokinta mata uku suka ga yadda ta daina cin abinci.

Babbar, Uwani, gwanar saƙa ce. Ta tattara guntayen ulu, ta buga ƙusoshi a bakin wani ɗan katako mai rami, ta duƙufa tana saƙa igiya doguwa mai laushi. Ta ɗaura ta daga ƙofar Iya zuwa banɗaki, zuwa madafa, zuwa zaure. Da ma an taɓa gwada igiyar rama, amma ta ƙuje wa tsohuwar tafin hannu, ta rantse ba ta ƙara taɓa ta. Wannan kuwa ta shafa ta ji daɗi. Sai dai ulu miƙewa yake yi. Tana jingina nauyinta, igiya ta biyo ta har ƙasa.

Ta biyun, Lantana, ta lura cewa igiyar saƙa rami gare ta a ciki. Ta ɗauko waccan ramar da aka jefar, ta zauna tana zura ta ciki da tsinke kaɗan-kaɗan, har yatsunta suka kumbura. Igiya ta yi ƙarfi, laushinta bai tafi ba.

Saura matsalar ɓatan hanya. Uwani, saboda tsabar gwaninta, ta yi hanyar madafa ja, ta banɗaki kore, ta zaure shuɗi, ta manta wa take yi wa aikin. Iya ta ɗauki buta, ta bi igiya, sai ga ta a zaure tsakiyar baƙi.

"Ke Uwani, da hanci zan ga jan naki?"

Ƙaramar, Shafa, ta ɗaure idonta da ɗankwali, ta bi igiyar da kanta, ta gano inda hannu ke rikicewa. Ta ɗinka ƙwallayen dabino a hanyar madafa, maɓallai a ta zaure, ta bar ta banɗaki sumul.

Sallau ya dawo ya tarar da uwarsa tana zirga-zirga a tsakar gida, har tana korar kaji. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sallami motar da ya ɗauko. Iya ta yi kuka don murna, jikokin suna yi mata tsiya wai ashe jarumar ma tana da hawaye.

To, tsohuwa tana da keken ɗinki guda ɗaya, ta ce na wadda ta hana a raba ta da gidanta ne. Har yau yana lulluɓe a ƙuryar ɗaki, ta rasa wa za ta miƙa wa.

Ku da kuka ji, tsakanin Uwani da Lantana da Shafa, wa ya kamata ta ɗauki keken?