Fiffiken da Ya Tsage

Jikokina, ku bar tsokanar juna ku ji. Akwai wani mutum da yake da wata 'yar mota ja mai kujera biyu, mai gudun tsiya. A bayanta akwai wani abu kamar fiffike, tsaye a kan ƙafafu biyu. Ba ƙarfe ba ne, faiba ake ce masa, ba shi da nauyi. Wata rana yana ja da baya ya bugi ƙofar gida, ƙafa ɗaya ta tsage.

A duk garin mutum ɗaya ne ya iya wannan gyara, wansa ne kuwa. Su biyun ba sa shiri tun rasuwar mahaifiyarsu. Tana jinya ƙanen bai zo ba sai ranar jana'iza, wan kuwa ya ce masa a gaban jama'a, "Ba ka da uwa a nan." Tun daga ranar, in sun haɗu a coci sai "Ina kwana," "Lafiya lau," kowa ya kama gabansa. Zumunci yana ta mutuwa, 'ya'yansu ko gidan juna ba su sani ba.

Mutumin ya sayo gam ya liƙa da kansa, ya shafa fenti. A ido ta yi kyau. Da ya hau babban titi iska ta kama fiffiken, tsagar ta buɗe har ta fi da. Dole ya kai wa wansa.

Ya ce, "Yaya, ka ɗan cike wurin ka fesa fenti. Sauri nake yi."

Wan ya ɗauko injin gurza, ya kankare fentin, ya bi tsagar yana faɗaɗa ta.

"Haba Yaya! Gyara na kawo, kana ƙara ɓarna. In haushina kake ji ka faɗa, kada ka huce a kan mota."

"Haushinka ina ji. Amma wannan aiki ne. Gam ba ya kama fenti, sai an kai ga ainihin jiki. Riƙe mini nan."

Ya riƙe. Wan ya shimfiɗa farin ƙyallen faiba, ya shafa gam, ya ƙara wani a kai, ya sake shafawa. Ƙurar ta sa su ƙaiƙayi su duka. Sa'an nan ya ce, "Sai ya bushe. Ba a yi masa gaggawa."

Suka zauna a benci ɗaya, kowa yana susar hannu. Can sai ƙanen ya ce, "Yaya, Mama ta tambaye ni kuwa?"

"Kullum."

"Tsoro ne ya hana ni zuwa. Na kasa ganinta a haka."

Wan ya ce, "Ta ce in riƙe ka. Ni kuwa na kore ka." Ya dafa wuyan ƙanensa da hannunsa mai ƙura, suka yi kuka, manyan maza da su. Da yamma fiffiken ya tsaya daram, ƙanen kuwa a gidan wansa ya ci tuwo.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsagar nan ɓacin ran da ke tsakaninka da ɗan'uwanka ne. Fentin kuwa "lafiya lau" ɗin nan ce da muke yi wa juna da haƙora a waje. Ubangiji ba ya liƙa gafara a kan fenti. Sai ya kankare har ya taɓa inda ke ciwo, kuma da zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma hannun da ke gurzar nan mai ƙaunarka ne.

Ni na tsufa, na binne mutane da yawa, ban taɓa jin kabari ya amsa ban haƙuri ba. Kowannenku ya san wanda ya faɗo masa a rai ina magana. In an tashi daga coci, kada ka tsaya sayen ƙosai a bakin ƙofa. Je ka same shi tun yana ji.