Gawon da Ya Rage a Gonar Filibus

Akwai wani mutum mai suna Filibus, wanda ya gaji gona mai itatuwan gawo da yawa. Gonar nan ta ga zamani. Kakan kakansa ne ya sare dajin da gatarin da maƙerin ƙauye ya ƙera. Kakansa ya shuka gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa bakin teku. Ubansa ya kawo garmar shanu. Kowannensu in ya iso gindin gawo, sai ya lanƙwasa kunya, ya wuce.

Filibus kuwa a birni ya tashi. Ya dawo da tarakta a tsakiyar damina, ya ga duniya ta yi kore shar, gawo kaɗai ke tsaye tsirara, ko ganye ɗaya babu. Sai ya ce, "Waɗannan matattu su suke hana ni miƙe kunya. A sare su."

Goggonsa Rifkatu ta ce, "Ɗana, ba su mutu ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, ƙasa ta ci. Da rani za ka ga rigarsa."

Ya yi dariya, ya ce, "Goggo, yanzu taki a buhu yake zuwa."

Aka sare su duka, sai guda ɗaya da ke can ƙarshen gona. Shekarun farko rumbu ya cika, Filibus har tafiyarsa ta canza. Daga baya taki ya yi wuyar samu, ƙasa ta koma rairayi, dawa ta tsaya iya gwiwa, yunwa ta fara leƙo gidan.

Wata rana da kaka, ya ɗauki gatari zai sare gawon da ya rage ya sayar da itacen. Rana ta take, ya jingina da gindinsa, barci ya kwashe shi. Sai ya ga kakanninsa suna tafe cikin gonar a hankali, wani da fartanya, wani da shanu, ƙarar jirgi tana tasowa daga nesa. Ganye yana sauko musu kamar yayyafi, duk inda ya faɗi ƙasa tana yin baƙi. Ba wanda ya yi masa faɗa. Kallon gatarin kawai suka yi, suka kewaye Filibus yadda suke kewaye gawo.

Da ya farka, ya ga sabon ganye ya fara tsirowa a bisansa. Ya duba kewaye, ashe a gindin itacen nan kaɗai dawa ta fi shi tsawo. Ya zauna ya yi kuka. Da damina ta dawo, ya ce wa mai tuƙa tarakta, "Duk inda ka ga ɗan gawo ya tsiro, ka lanƙwasa kunya."

'Yan'uwana, ga ma'anar wannan misali. Gonar ita ce ƙasarmu. Gawo shi ne abin da iyaye suka bar mana: noma, sana'ar hannu, aikin gayya, da tsoron Allah. Tarakta ba zunubi ba ce, ita ma baiwar Ubangiji ce. Amma lokacin da arziki ya zubo mana, mun dubi waɗannan abubuwa mun ce sun mutu, alhali su ne suke ciyar da ƙasar a ɓoye. Abin yana ba ni baƙin ciki, gama ni ma na ga kututturan da idona. Duk da haka Ubangiji mai jinƙai ne, ya bar mana guda ɗaya. Kowa ya koma gida yau ya dubi hannunsa, ko har yanzu gatarin yana nan.