Dusar da Ibrah Ya Zuba a Bakin Tabki

Akwai wani direba a Filinge, Ibrah, mutum mai fara'a da barkwanci, amma da abin da ke cin ransa a ɓoye.

Yana da taubashi, Tahiru, ɗan kawunsa. Tahiru ɗan maharba ne da ya rataye bindiga, ya koma yi wa baƙi jagora zuwa wani tabki da ke cikin kwari, kan hanyar Bonkuku, inda gauraki ke yin sheƙa da damina. Baƙin nasa malaman makaranta ne daga Yamai, da ma'aikata masu hutu, da masu son ɗaukar hoton tsuntsaye. Ibrah ke kwaso su daga tasha a motarsa, Tahiru ya shige gaba a ƙafa. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya tsaya a gindin wani gawo, a kalli tsuntsu daga nesa.

To, Ibrah ne ke fama da yashi da faci, shi ke tura mota in ta kafe. Amma da an dawo sai ka ji Malam Tahiru kaza, Malam Tahiru kaza. A karɓi lambar Tahiru, a yi hoto da Tahiru. Abin haushi, Ibrah ake miƙa wa wayar ya ɗauka. Yana ɗauka yana dariya, zuciyarsa kuwa kamar an barbaɗa mata barkono.

"Kai bawana," ya ce masa wata rana cikin wasan taubasai, "mi kaka ba tsuntsayen ga, sunka yarda da kai haka? Ko layar tsohonka ce?"

Tahiru ya yi murmushi. "Ban ba su komi, taubashi. Ƙyale su nika yi."

Ibrah bai yarda ba. Ai ya sha ganinsa da sassafe yana nufar tabki shi kaɗai da buhu a kafaɗa. Wa ke shiga daji da buhu haka kawai? Ya yanke a ransa cewa hatsi yake watsa musu, yana ɓoye sirrin don kada wani ya samu.

Ana nan, sai rasuwa ta kai Tahiru garin Tabla kwana uku. A daidai lokacin Madam Haske, shugabar wata makaranta a Yamai, ta bugo wa Ibrah waya cewa za ta zo ranar Asabar da abokan aikinta goma. Ibrah ya ji kamar an yi masa bushara.

"Madam, wanga karo ni za ni nuna miki," in ji shi. "Ba tsayuwar gindin gawo. Har gashin kan gauraki za ki ƙirga."

Ya sayi gero tiya biyu, ya haɗa da dusa rabin buhu don abin ya yi auki. Kwana uku yana zuwa yammacin tabkin, dab da ciyawar da sheƙar take, yana zubawa. Yana yi yana hango kansa a tsakiyar hoto, Tahiru riƙe da waya.

Abin da bai sani ba, Tahiru ya yi shekara biyu yana bin makiyaya ruga-ruga, yana shan shayi da su, kafin su yarda su riƙa shayar da shanu a gabashin tabkin, su bar wa tsuntsaye yamma har damina ta wuce. Makiyayi kam ya riƙe alkawari. Amma saniya ba da ita aka yi alkawarin ba, kuma in ta ji ƙamshin dusa ba sandar da ke tare ta.

Ranar Asabar Tahiru ya dawo da safe, ya shiga mota tare da baƙi. Suna isa, Ibrah ya yi wuf ya shige gaba.

Tsit. Ba kukan gauraka ko ɗaya.

Yammacin tabkin ya zama caɓi, sawun shanu ko'ina. Ciyawar ta kwanta, sheƙar ta baje, ga ɓawon ƙwai biyu a farfashe cikin laka. Tsuntsayen sun tashi.

Tahiru ya tsuguna, ya ɗebi abin da ya rage a kan laka, ya shinshina. Ya ɗaga kai ya dubi Ibrah sau ɗaya. Sai ya warware buhunsa, ya fara tsintar leda da igiyar tarko yana sakawa, kamar yadda hannunsa ya saba. Nan Ibrah ya gane: buhun nan fanko yake zuwa, cike yake komawa.

"Malam Tahiru, wa ya yi wannan aika-aika?" Madam Haske ta tambaya.

"Shanu ne, Madam. Laihina ne, na yi tahiya ban bar ma kowa amanar wurin ba."

Da Tahiru ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Rufin asirin ne ya kasa ɗauka.

"Ba laihinai ba ne," in ji Ibrah, hula a hannu. "Ni na zuba dusa. Na so ku ce ni ma na iya. Hassada ce, wallahi, ba wani abu ba."

Mutum goma sha ɗaya suka juyo suna kallonsa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Madam Haske ta koma wajen Tahiru. "Za su dawo?"

"Allah ya sani. Shekara shida na yi ina lallashi kahin su yarda da wurin ga."

Da aka sauke baƙi a tasha, Ibrah ya zauna riƙe da sitiyari, yana jiran abin da ya cancanta. Tahiru ya leƙo ta taga.

"Gobe da sahe ka taho da mota, taubashi. Za mu tahi ruga mu ba makiyaya haƙuri, kada a ɗora musu laihi. Kai za ka yi magana."

Ibrah ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Ya je, ya yi maganar. Gauraki dai har aka yi girbi ba su dawo ba.

Darasi: Mai hassada sakamakon ɗan'uwansa yake gani, ba ya ganin wahalar da ta haifar da shi. Kafin ka ce wani na da sirri, tambaye shi ya koya maka, don abin da aka yi shekaru ana ginawa kana iya rusa shi cikin kwana uku. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila ya taɓa zuciyar wani.