Bargon Lantarkin Inna

Akwai wani tela da ke da ƙane mai gyaran lantarki, wanda kowa ke kira Auta. Mahaifiyarsu, Inna, ta daɗe tana fama da sanyin ƙashi. Da zarar gari ya yi sanyi, ƙafafunta sai su ƙi taka ƙasa.

Auta ya zauna ya haɗa mata bargo mai ɗumi da wutar lantarki. Ɗinkin kam ba a magana, kamar kaza ta yi tono. A gefe guda kuma ga wani ƙulli kamar kwalin ashana, wanda ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa.

Inna fa ta samu abin faɗa. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ɗaga bargon: "Ku ga aikin Autana! Allah ya yi masa albarka."

Tela yana murmushin yaƙe. Shekara ashirin yana ɗinka mata sutura, bai taɓa jin ta tara masa jama'a ba.

"Inna, kawo in yi masa riga," in ji shi. "Wannan ai abin kunya ne a gaban baƙi."

Da Auta ya ji, ya ce, "Yaya, don Allah kada allura ta taɓa wayar. Ƙullin nan ma a bar shi."

"Kai za ka koya mini ɗinki? Ni na goya ka fa."

A shago, ƙullin ya hana yadin kwanciya sumul. Tela ya sa almakashi ya datse shi, ya murɗe wayoyin da hannu, ya hau keke ya bi bargon da ɗinki layi-layi. Allura ta huda rufin wayar ya fi a ƙirga. Bargon ya yi kyau kuwa, wallahi.

Kwana biyu bayan haka aka wayi gari da ruwan sama. Inna ta kunna bargonta, barci ya ɗauke ta. Ƙaurin ƙuna ne ya jawo wata maƙwabciya da gudu, ta fizge wayar daga bango. Kafin nan ƙafar Inna ta hagu ta ƙone har gwiwa.

A asibiti Tela ya ji ana raɗa cewa aikin Auta ne ya kusa kashe uwarsa. Auta na gefe yana ta hawaye. Tela ya durƙusa gaban gado ya faɗi gaskiya, Inna ta juya fuskarta bango.

Ya dai samu abin da yake so: Inna ba ta sake yabon bargon ba. Da sanda take tafiya har yau.

Darasi: Hassada ba ta tsayawa kan wanda ka nufa, sau da yawa wanda kuka fi so ku biyun take ƙonewa. Kuma wuta ba ta san gwaninta ba, abin da ba sana'arka ba ka bar wa masu shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya ajiye almakashinsa.