Kilo Biyun Alhaji Maikano

An yi wani shugaban hukumar harba kumbo, Alhaji Maikano, wanda ya sa aka ƙera allon tagulla da sunansa da muƙamansa goma sha ɗaya, aka ɗaura a kumbon da za a tura duniyar wata. Da aka auna, nauyi ya zarce ƙa'ida da kilo biyu.

A gaban manyan baƙi ya kira Lantana, ma'aikaciyar da ke loda bayanai a katin ajiya na kwamfutar kumbon, ya ce, "Ki rage kilo biyu daga bayanan nan, amma ko harafi ɗaya kada ya ɓata. In kin kasa, ki nemi wani aikin."

Lantana ta dubi katin, ko farcen babban yatsa bai kai ba. Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, don kada in yi kuskure, rubutun allon nan bayani ne ko ado?"

Alhaji ya harzuƙa. "Ado? Ai duk kumbon nan babu bayanin da ya kai shi!"

Sai ta ɗauki hoton allon ta zuba a kati, ta kwance allon ta ajiye. Ma'auni ya dawo daidai.

"Kilo biyu sun fita daga bayanai, ranka ya daɗe. Ƙirga muƙaman ka gani."

Ya ƙirga a hoton, sha ɗaya cif. Kumbo ya tashi, allon kuwa har yau da shi ake tokare ƙofar ofis.